Safiyar da Tunel ɗin Bune Ya Tashi da Kansa

A shekarun da na yi ina aiki a biro, wato ofishin wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi a Gure, sunana ya ɓace, na koma "mai ordinata", wato mai kwamfuta. Daga mai gadi har Shef, shugaban biron, haka suke kira na. In na'urar buga takardu ta ƙi, a kira mai ordinata. In salular matar wani ta cika da hotunan biki, a kira mai ordinata. Na yi karatun abin a Damagaram, na dawo gida da takardata da girman kaina, ina ganin kafin damina biyu zan gyara garin. Garin bai ma san na dawo ba.

Ƙungiyar tana da rassa a Kelle da Gamu da Bune. Kowane reshe ɗaki ɗaya ne mai rufin kwano, da firigo na ajiye alluran rigakafi, da ordinata, da mutum guda wanda ke yi wa dabbobin makiyaya allura yana aiko da rahoto. Rahoton nan ba a sakinsa cikin intanet haka kawai. Ta tunel yake bi, wato wata rufaffiyar kafa da ake buɗewa tsakanin na'urar reshe da babbar na'urarmu ta Gure, yadda ba mai leƙa abin da ke wucewa. Buɗe tunel ɗin kuma bai isa ba, don na'ura daƙiƙiya ce. Sai ka kafa mata hanya da hannunka, ka ce saƙon Gure ki bi da shi ta cikin tunel, na babban biro na Damagaram ma ta nan, kada ki fita da su ta ƙofar kowa da kowa. Layi uku ke nan: na tunel, na hanyar Gure, na hanyar Damagaram. In ka buga mata su tana kunne za ta riƙe. Da ta mutu ta manta.

A rassan nan kuwa kullum sai ta mutu. Babu kuran, wato wutar lantarki, da hasken rana ake aiki, kuma batura masu kyau an bar wa firigo, na'urar aka haɗa ta da tsofaffi. Da magariba ta yi sai ta ɗauke. Da hantsi, in rana ta ɗaga ta bugi panno, faifan da ke tara haskenta, sai na'urar ta kunna kanta ta zauna tana jiran wanda zai gaya mata ina ne Gure. Don haka kowace safiya mutumin reshe zai zauna ya buga layukan nan da yatsunsa.

Duk wanda ya ɗan zauna a ajin ordinata ya san maganin wannan. Akwai wani fishiye, wato ajiyayyen rubutu, da na'ura ke karantawa duk lokacin da ta tashi, kafin ta saurari kowa. Ka rubuta layukan a ciki sau ɗaya, ka huta. Ina fara aiki na shiga wurin Shef da wannan albishir, ina tafe ina jin kaina.

Shef gajere ne mai tsabta, mai son turare, ba ya ɗaga murya. Bai san komai a kan ordinata ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Mutane ya sani, irin sanin da mahauci ya yi wa akuya.

"Mushe, wahalar nan ta safe ba ta da dalili," na ce. "Ka ba ni izini, kafin shayinka ya huce na sa na'urorin su riƙa tashi da hanyoyinsu."

Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya juyo mini allon ordinatarsa. Ɗigo uku ne a jere, kowane da sunan reshe, kuma irinsu ake gani a Damagaram. In na'urar reshe ba ta haɗu da mu ba, ɗigon ja ne. In an buɗe tunel amma ba a gama kafa hanyoyin ba, ya koma ruwan ɗorawa. In komai ya kammala, kore.

"Ka ga waɗannan? Su ne idanuna," ya ce. "Ni ba zan iya kwana a Bune ba. In na'ura ta koyi tashi da kanta, wa zai gaya mini mutum ya kwana a bakin aikinsa? Kai kana ganin abin ya lalace ne. Bai lalace ba, ni na ce a bar shi haka. Je ka duba na'urar buga takardu."

Ƙa'idar kowa ya san ta. In ya gama shayin safe ɗigonka bai yi kore ba, zai kira ka, ya tambayi lafiyarka da ta iyalinka da murya mai daɗi har sai ka gane gargaɗi ne. In yini ya wuce yana ja, kada ma ka wahalar da kanka da bayani, ka kawo mabuɗi. Haka ya yi wa wani a Gamu kafin zuwana, mutumin da kunama ta harba aka kai shi ƙauyen gaba wurin mai magani.

Mutumin Bune ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa. Cikin garke aka haife shi, da Barbarci ya tashi, Hausa a kasuwa ya tsince ta, boko kuma ya yi ɗan abin da ya samu. Zai iya kayar da bijimi ya soka masa allura kafin mai shi ya gama bismilla. Amma in ya zauna gaban madannai sai tausayi ya kama ka. Da yatsa ɗaya na kowane hannu yake bugawa, yana neman kowane harafi, leɓensa na motsi. Na Kelle da na Gamu ɗigonsu ba ya daɗewa a ruwan ɗorawa. Nasa kuwa sai ya tsaya a nan, ya yi ta tsayawa, har ka ce na'urar ce ta sume.

Wannan tsayuwar ita ce nishaɗin Shef na safe. Yakan buɗe ƙofa ya kira mu: "Ku zo ku gani, raƙumin Bune ya fara tsintar haruffa." Sai a taru a bayan kujerarsa, yana kurɓar shayi yana faɗin inda yake jin mutumin ya kai, yanzu yana neman harafi, yanzu ya goge, yanzu ya sake. Ana dariya, don Shef ba ya son yin dariya shi kaɗai. Tun daga nan na tsane shi, kuma har yau da nake rubuta wannan tsanar ba ta ragu ba.

Da damina ta sauka makiyaya suka kora dabbobinsu arewa kamar kowace shekara. Bune ta koma ba garken da za a yi wa allura, aikin mutumin duka bai wuce kunna ɗigo ba. A lokacin ne mahaifiyarsa ta kwanta. An kawo ta Gure gidan ƴarta, aka kai ta gidan likita, aka duba ta, aka ce su koma da ita gida su yi ta addu'a. Kowa ya san ma'anar wannan.

Ya kira Shef neman konje, wato hutu. Ina ƙarƙashin teburin ina gyara wata waya, Shef kuwa ya saki muryar salular don a ji.

"Ranka ya daɗe, tsohuwa ce jiki ya yi tsanani. Ina roƙon ƴan kwanaki in zo in gan ta."

"Ayya. Allah Ya ba ta lafiya. Kai likitan mutane ne?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To zuwanka zai ƙara mata me? Addu'a daga Bune ma tana isa."

"Ba aiki yanzu, dabbobi duk sun yi arewa."

"Ni zan faɗi ko akwai aiki. Ka zo ran Lahadi, ka koma kafin Litinin ta waye."

Shef ya san sarai ba mai iya wannan da damina. Motar da ke fitowa daga can sai ranar kasuwa, hanyar kuma rairayi ne da kwaruruwa cike da ruwa. Shef ya ce, "In na ga ja, ka san sauran," ya kashe waya, ya tambaye ni ko na gama.

Da la'asar mutumin ya kira ni. "Ƙanena, ba na son in sa ka cikin magana, tambaya ce kawai. Abin nan da nake bugawa, dole sai da hannun mutum?"

Na ce masa ba dole ba ne, na yi masa bayanin fishiyen.

"Aikin nan shi ke ciyar da gida biyu, nawa da na tsohuwa," ya ce. "In Shef ya gane, na tashi."

"Ba zai gane ba, Yaya. Mutumin da bai san bambancin tunel da bututun famfo ba?"

Sannan ya ce, "Ita ta haife ni," kamar ni ke yi masa musu. "To ka yi."

Washegari da ya buɗe tunel da hannunsa, na bi ta ciki daga teburina na shiga na'urarsa, na zuba layukan a fishiyen tashi. Irin wannan aikin ba ka sanin ka yi daidai sai na'ura ta mutu ta tashi, ni kuwa ban isa in kashe ta da rana ba, ɗigo zai yi ja a gaban Shef. Sai muka jira safiya, na ce ya zauna gabanta kada ya taɓa komai.

Safiyar ta zo, ɗigon ya ƙi motsi. Gaggawa ta sa na manta na'urar tana riga ɗan akwatin rezo, mai kamo intanet, tashi. Ta farka ta nemi buɗe tunel babu rezo tukuna, ta kasa. Ta nemi kafa hanyoyi ta cikin tunel ɗin da babu shi, ta kasa, ta yi shiru abinta. Shi kuma yana zaune yana jira don na ce kada ya taɓa. Sai da Shef ya gama shayi ya kira shi ya tambayi lafiyar iyali, sannan mutumin ya buga da hannu.

Ranar na zauna na yi abin da natsuwa. Na ce wa na'urar: in kin tashi ki jira rezo, ki yi ta leƙawa har ya zo. In ya zo ki buɗe tunel. Kada ki kafa hanya ko ɗaya sai kin ji Gure ta amsa ta ciki. In ya katse ki sake daga farko. Har Lahadi na tuna, na ce ranar ta yi barcinta, don mutumin ba ya buɗe biro ran Lahadi. Na karanta abin da na rubuta na ji daɗin kaina ƙwarai.

Da gari ya waye mutumin ya zauna gabanta. Ya gaya mini daga baya cewa hannuwansa ya tura ƙarƙashin cinyoyinsa don kada su yi aikin da suka saba. Ina tsaye a bakin ƙofar Shef na ga ɗigon Bune ya tashi daga ja ya faɗa kore. Salulata ta yi ƙara, na fita bayan biro na ɗauka. Dariya yake yi, irin wadda ba ta da nisa da kuka. "Ta yi da kanta, ƙanena. Ina kallo ta yi da kanta." Ranar kasuwa ce, ya kulle ɗakin, ya bar wa maƙwabcinsa amanar goge panno, ya hau mota.

Ya shigo Gure da rawani har hanci, ta lungunan bayan kasuwa. Gidan ƙanwarsa yana can gefen gari inda rairayi ke cin katanga, kuma tun da ya shiga bai ƙara fitowa ba. Na je gaida tsohuwar bayan an tashi aiki. Ta ƙare sai idanu, tana kwance kan tabarma a rumfa, yana ba ta kunu da ludayi, babban hannun nan nasa yana tallafe da ƙeyarta. Ta ce mini wushe, sannu ke nan da Barbarci, sauran maganar shi ke fassarawa. Ta tambaya ko ni ne shugabansa, ya ce a'a, abokin aiki ne. Ta tambaya ko shugaban ne ya ba shi hutu, ya ce i. Sai ta ɗaga tafinta ta yi ta sa wa Shef albarka, Allah Ya raya masa zuriya, Allah Ya sa ƴaƴansa su tsaya a kansa ranar da ya kwanta. Muka ce amin, don ba yadda za mu yi.

A biro kuma Shef ya daina kiranmu kallon safe. Sai ya zauna shi kaɗai da kofinsa yana duban allo. Na ɗauka ya gaji da wasan ne. Wata safiya ina wucewa ya kira ni.

"Mai ordinata, mutumin Bune sabbin yatsu ya saya?"

Na tuna rezo, na tuna tsarin layuka, na tuna Lahadi, ban tuna mutumin ba. Na'ura tana gama layukan kafin ƙiftawar ido, ruwan ɗorawa ba ya ko samun damar fitowa. Abin da Shef ya fi so a duk safiyarsa shi na cire masa, kuma na zaci ba zai lura ba.

"Hannu ne ya saba, Mushe," na ce.

"Madalla. Ashe raƙumi ma yana koyo."

Na koma teburina, na shiga na'urar Bune na saka jinkiri. Tsakanin tunel da hanyar farko ta dakata, tsakanin ta farko da ta biyu ta ƙara dakatawa, daidai yadda yatsun mutumin ke ɗauka. Washegari ɗigon ya tsaya a ruwan ɗorawa kamar da. Daga ɗakin Shef na ji dariya mai tsawo, shi kaɗai, bai kira kowa ba. Da na shiga kai masa takardu ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yatsun sun koma tsofaffi." Kafin nan wataƙila zargi yake yi, yanzu ya tabbatar.

Da yamma na je na gaya wa mutumin, na ce ya koma Bune tun bai makara ba. Ya dubi tsohuwar, wadda a lokacin ko ruwa ta daina karɓa. Ya ce, "In koma in bar ta wa?" Ban sake maganar ba.

Shef bai aika kowa Bune ba, wasa ya fara. Kowace safiya bayan ɗigo ya yi kore sai ya kira mutumin, ya saki murya ina ji. "An yi ruwa a Bune jiya?" Mutumin yana tsugune a bayan ɗakin ƙanwarsa, cikin garin da Shef ke zaune, zai ce an ɗan yi. "Firigo fa, yana sanyi? Taɓa ka gaya mini." Zai ce yana sanyi. "Tsohuwa fa, kana samun labarinta?" Zai ce yana samu. Shef zai ce Allah Ya sawwaƙe, ya ajiye waya, ya dube ni yana murmushi. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, kullum sai an sa ya jera su kafin ya karya kumallo.

Tsohuwar ta rasu wata rana bayan azahar, kanta a kan cinyarsa. Aka kai ta kafin magariba. Shi ya karɓe ta ya sa ta a kabari, fuskarsa a buɗe, rabin unguwa na kallo. Daga nan babu sauran ɓoyo.

Da safe Shef ya iso biro cikin farar babbar riga, yana ƙamshi. Ya leƙo ɗakina. "Ɗauko hularka mu je gaisuwa, ma'aikacinmu ya yi rashi." Ya sa direba ya tsaya a kasuwa aka sayi dabino da sukari. Duk hanya yana duban rana ta gilashin mota, har ya ce wa direban ya rage gudu, ba sauri muke ba.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ƙarƙashin dogon yaro, ga dattawan unguwa, ga ƴan'uwansa makiyaya da suka kwana a hanya. Aka ba Shef wuri mai inuwa. Mutumin Bune ya taso ya durƙusa ya gaishe shi, idanunsa a ƙasa. Shef ya riƙe hannunsa da hannu biyu, sannan ya yi addu'a doguwa da murya mai kyau, don Allah Ya ba shi ita. Na ga wani tsoho yana share hawaye. Ni kaina na fara tunanin ko mutuwar ta taɓa shi.

Bayan an shafa ya sake duban rana, ya zaro salula daga aljihu. "Matso nan, Malam. Zo ka ga wani abu."

Mutumin ya matsa ya zauna kusa da shi. Ina bayansu, ina ganin allon. Ɗigon nan uku ne, Kelle kore, Gamu kore, Bune ja. Shef ya riƙe salular tsakaninsu, suka jira. Waɗanda ke kusa sun ɗauka saƙon ta'aziyya ne daga manya. Can ɗigon ya koma ruwan ɗorawa.

"Ka ga ka iso biro," Shef ya ce a hankali. "Ga ka can ka zauna. Yanzu kana neman harafi." Ya dubi hannuwan mutumin, suna kan gwiwoyinsa, da sauran ƙasar kabari a ƙarƙashin farce. "Yanzu ka goge. Kada ka yi sauri, muna jiranka."

Ban san jinkirin da na saka yana da tsawo haka ba sai ranar. Da ɗigon ya yi kore Shef ya gyaɗa kai.

"Sannu da aiki. Tunda akwai wani irinka a Bune, kuma ba ya makara, ba ya neman konje, ba shi da uwa, ni wancan zan riƙe. Kai ka zauna ka yi makokinka, ka yi addu'ar uku, ka yi ta bakwai, ka yi ta arba'in, ba mai kiranka. Mabuɗin ka ba direba."

Wani dattijo da bai gane ba ya ce Allah Ya saka da alheri, an ba shi hutu. Mutumin Bune ya sa hannu a aljihu ya ciro mabuɗin, wanda ke ɗaure da igiyar fata, ya miƙa. Sannan ya ce, "Na gode da gaisuwa, ranka ya daɗe," ya raka mu har mota, don ta'aziyya aka zo masa.

A mota na kasa riƙe bakina. Na ce wa Shef ni na rubuta layukan, in kora ce ni ya kora, kuma abin da ya yi a kan tabarmar makoki ko kare ba zai yi ba. Direba ya ƙura wa hanya ido. Shef bai ko ɓata fuska ba.

"In kore ka wa zai gyara mini na'urar buga takardu? Aikinka ya yi kyau, na yaba. Kada ka taɓa layukan nan. Jinkirin ma ka bar shi, Damagaram sun saba ganinsa."

Sai daga baya na gane nufinsa. Gurbin Bune ya ba ƙanen matarsa, wani mai shagon kayan salula a bakin tasha, wanda in ka sake shi a hanyar Bune sai an bi sawunsa. Bai taɓa kwana can ba. Yana zaune a shagonsa, a Damagaram kuwa kowace safiya suna ganin ma'aikacin Bune ya iso kan lokaci, ya yi fama da haruffa, ya gama. Da makiyaya suka dawo da kaka suka tarar da ƙofa a kulle, suna jin na'ura tana ƙugi ita kaɗai ta taga. Da wa'adin aikina ya ƙare Shef bai sabunta ba. Ya samo wani mai ordinata da ya fi ni riƙe baki, aka canza kod ɗin shiga na'urorin.

An daɗe kafin in sake haɗuwa da mutumin Bune, a kasuwar dabbobi ta Gure. Dillanci yake yi wa mutane, ya rame, rawaninsa ya koɗe. Yana tsugune ya buɗe bakin wani rago yana duba haƙora. Da ya gan ni ya miƙe muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ba don ni ba, da a waya zai ji mutuwar uwarsa.

"Har yanzu tana kunnawa?" ya ce.

"Haka na ji."

"Da tsayawar nan tawa?"

"Da ita."

"Ƙanena, in da hali ka cire mini ita. Aikin sun karɓe, na bar su da Allah. Amma wannan yatsuna ne. Ba na son kullum ina can ina yi masa aiki yana dariya."

Na gaya masa ba ni da hanyar shiga, ni ma an karɓe nawa mabuɗin. Ya gyaɗa kai, bai yi mamaki ba. Mai ragon yana ta kiransa a zo a gama ciniki. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ta kai daidai inda take bugun panno.

"To yanzu na fara," ya ce, ya koma ya tsuguna gaban ragon.